Fili a Kwadon, rabin fili a Tumfure, ko ginannen gida a Kumo?

Malamin Makaranta, Pantami:

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina neman shawarar 'yan uwa da suka riga ni sanin wannan al'amari, musamman waɗanda suka koma gefen gari da zama amma suke shigowa aiki kullum. Ni malamin sakandare ne a cikin Gombe, ina zaune da iyalina a gidan haya a Pantami, kuma an riga an sanar da ni cewa kuɗin hayar zai ƙaru idan shekara ta zagayo. Abin da na tara ta hanyar adashi da ƙungiyar gama kai ta wurin aikinmu ba zai saya mini ko kango ba a Tudun Wada ko Bolari, don haka dole in duba wajen gari.

Abubuwa uku ne a gabana. Akwai rabin fuloti, ƙafa 50 da 50, a can bayan Tumfure, wanda zai cinye kuɗin gaba ɗaya. Akwai cikakken fuloti, ƙafa 50 da 100, a Kwadon, wanda zai bar mini abin da zan zuba harsashi har in ɗaga ɗaki biyu zuwa linta. Sannan akwai wani tsohon gida a Kumo wanda mai shi zai tashi, kuma ya yarda in biya shi sau biyu. Filayen biyu awon igiya ne, wato ba awon gwamnati ba, takardar mai unguwa kawai gare su. Yarana huɗu, uku suna makaranta, maiɗakina kuma tana ɗinki a gida. Ina roƙon a faɗa mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Mazaunin Kwadon:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a cikin abin da aka tara. Ni ma'aikacin gwamnati ne, a Kwadon nake kwana, a cikin Gombe nake wuni, saboda haka bari in fara da abin da dillali ba zai taɓa lissafa maka ba, wato kuɗin hanya. Kafin a cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba, amma zuwa ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000, kuma duk wanda ya gina gida a wajen gari bisa lissafin da, ya ji wannan canji a jikinsa. A ɗauka, don misali kawai, cewa zuwa da dawowarka kai kaɗai zai ci naira 2,000 a rana. A kwanakin aiki 22 ya zama naira 44,000 a wata, a wata tara na karatu kuma ya doshi naira 400,000, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Ka ajiye wannan kusa da kuɗin hayarka na yanzu, ka ga wanne ya fi nauyi.

Duk da haka ni Kwadon zan ba ka shawara, amma da sharaɗi guda, shi ne kai kaɗai za ka riƙa shiga gari. Idan yara uku za su riƙa bin ka zuwa makarantunsu na Pantami kowace safiya, to lissafin ya rushe tun ba a fara ba. Idan kuwa za ka mayar da su makaranta da Islamiyya a nan, gida ya yi cefane a nan, to za ka sami sauƙin da babu shi a cikin gari, domin tumatir da albasa da tattasai daga nan ake kai su can. Garin yana kan titin Dadin Kowa da Biu, mota ba ta yankewa da rana, kuma gari ne mai mutanensa tun kafin Gombe ta matso kusa da shi.

Hajiya, Tumfure:

Malam, sannu da ƙoƙari. Maza idan suka zauna wannan magana kuɗin mai suke lissafawa, mu kuwa da muke wuni a gidan ruwa muke lissafawa, kuma ina roƙonka ka sa maiɗakinka a cikin wannan shawara tun yanzu. Ruwan famfon Gombe daga madatsar Dadin Kowa ake turo shi, wato daga gabas, Tumfure kuwa tana yamma a kan tudu, sababbin unguwannin da ke bayanta kuma bututu bai ma isa da yawansu ba. Rijiya ta hannu ba ta kai wa ga ruwa a nan, ta burtsatse kuma sai an nutsa ƙwarai, abin da ya fi ƙarfin mai albashi shi kaɗai. Saboda haka gidaje da yawa tankin ƙasa suke ginawa da siminti su riƙa sayen ruwa a tanka, wanda bai da hali kuma ya jira masu kura da jarkoki. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ya tsananta, za ka ga mace ta tsaya a ƙofar gida tun hantsi tana leƙen mai ruwa, wankin yara ya taru, ba ta ɗora tukunya ba, kuma idan ya iso farashin jiya daban na yau daban. Ginin kansa ma ruwa yake sha, domin bulo da kwaɓi da ban ruwan kankare duk da ruwan saye za ka yi su.

Abu na biyu shi ne ɗinkin da ka ambata. Sana'ar cikin gida da jama'a take tafiya. A Pantami matan layi ne suke kawo mata atamfa, su turo yara su karɓa, su gaya wa ƙawayensu. A sabuwar unguwa inda gida ɗaya ke nan, kango uku ke tsakani, sannan wani gidan, wa zai kawo mata ɗinkin Salla? Na san mata da yawa da kekensu ya yi ƙura bayan tashi, kuma abin da suke taimakawa da shi na sabulu da kuɗin tara na yara ya koma kan maigida. Ban ce kada ku tashi ba, ni ma a nan nake kuma na gode wa Allah, amma a san abin da za a rasa kafin a ɗaura kaya.

Injiniya, Bolari:

Hajiya ta yi maganar ruwan da babu, ni kuma zan yi maganar ruwan da ke zuwa da yawa. Garin Gombe a gangare yake zaune, tudu yana yamma, ruwan sama yana sauka ya ratsa gari ya nufi gabas, ƙasar saman kuma rairayi ce mai saurin zaizayewa. Duk sabon rufin kwano da sabon daɓen siminti da aka yi a sama, ruwan da a da gona ke shanyewa ne aka ƙara wa na ƙasa. Wannan shi ya haifar da manyan kwarurukan da suka ci gidaje a unguwanni da dama, shi ya sa har gwamnati ta shiga aikin gyaransu da tallafin Bankin Duniya, kuma manya a cikinmu ba su manta ambaliyar watan Agustan 2004 ba. Matsalar awon igiya ita ce ba a fitar wa ruwa hanya, mai gona yana son kowace ƙafa ta zama kuɗi, ruwa kuwa idan ba a ba shi hanya ba shi zai zaɓa da kansa.

Saboda haka, Malam, kada ka biya ko kwabo a kan filin da ka gani da rani kawai. Ka bari a yi ruwa mai ƙarfi a watan Agusta, ka je washegari da sassafe da ƙafarka. Ka dubi jikin katangun maƙwabta, za ka ga layin da ruwa ya bari na karmami da leda da jar ƙasa, wannan layin shi ne shaidar da ba ta ƙarya. Ka dubi ko akwai wata 'yar hanyar ruwa kusa da filin, ko da wadda za ka iya tsallakewa da taki ɗaya ce, ka tambayi yaran unguwar yadda faɗinta yake bara. Ka kuma lura ko Keke Napep yana iya shiga layin a ranar, domin idan bai shiga ba, motar yashi ma ba za ta shiga ba, haka kuma motar da za ta ɗauki mara lafiya da dare.

Ɓangaren gabas kuma nasa ciwon daban ne. Akwai wurare masu baƙar laka wadda ke kumbura da damina ta tsattsage da rani, ita ce ke tsaga bango daga harsashi har linta. Ba ko'ina ba ne, fili biyu maƙwabta ma suna iya bambanta. Ka sa a haƙa maka rami mai zurfin ƙugu a cikin filin ka ga irin ƙasar, ka zagaya ka dubi gidajen da suka shekara biyar zuwa goma a wurin ko bangonsu ya tsage. Idan laka ce, harsashin zai buƙaci ƙarin rodi da kankare, kuma ɗaki biyun da kake lissafi suna iya komawa ɗaya. Abu na ƙarshe, ka auna nisan filin da titi da kuma layin wuta. Titunan Biu da Bauchi da Yola na Gwamnatin Tarayya ne, kuma haƙƙin hanyarsu mita 45.72 ne daga tsakiyar titi ta kowane gefe. Babban layin wuta mai ƙarfin kilovolt 330 yana da faɗin mita 50 da ba a gini a ciki, mai 132 kuma mita 30.

Matashi, Arawa:

Ina girmama iyayena da suka yi magana, amma ina tsoron kada yawan sharuɗɗa ya sa Malam ya zauna da kuɗinsa har su narke a hannunsa. Ƙaramar hukumar Gombe ƙarama ce ƙwarai a faɗin ƙasa, ta cika tuntuni, garin ya malala cikin Akko da Kwami da Yamaltu/Deba. Tun da aka ƙirƙiro jihar a 1996 mutane ke shigowa, sannan rikicin Boko Haram ya koro dubban iyalai daga Borno da Yobe da Adamawa, da yawansu kuma ba su koma ba. Tumfure ɗin da ake maganar tsadarta yau gonaki ce a da, kuma waɗanda suka saya a lokacin an ce musu sun shiga daji. Naira tana faɗuwa, siminti yana hawa ko da yake a Ashaka, a nan cikin jihar, ake yin sa, fili kuwa ba a ƙera sabo. Ra'ayina shi ne Malam ya kama Tumfure ko da rabi ne, ya ci gaba da haya, idan ta yi daraja ya sayar ya sayi abin da ya fi.

Mazaunin Kwadon:

Ƙanina, wannan shawarar mai neman riba ce, Malam kuwa wurin kwana yake nema. Idan ya zuba komai a rabin fuloti ya ci gaba da biyan haya da aka ƙara, da me zai yi gini? Kuma ƙafa 50 da 50, bayan an cire ɗakuna da banɗaki da ramin masai da tankin ruwan da Hajiya ta ambata, ina tsakar gidan da mace da yara huɗu za su sha iska?

Barista:

Assalamu alaikum. Abin da ya fi tsaya mini a rai a cikin bayanin Malam shi ne jimlar nan da ya faɗa a taƙaice, cewa takardar mai unguwa kawai filayen ke da ita. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Filin da ke cikin yankin da aka ayyana a matsayin birni, gwamna ne ke ba da haƙƙin mallakarsa, wanda galibi na shekara 99 ne ga gidan zama, kuma shi ake ba wa satifiket. Wanda ke wajen wannan yanki, ƙaramar hukuma ce ke ba da haƙƙin mallaka na gargajiya. Sayar da ko wanne daga cikinsu yana buƙatar amincewar hukumar da abin ya shafa. Takardar mai unguwa ko ta dagaci tana da amfani, domin shaida ce cewa an yi ciniki a gaban mutanen da suka san tarihin gonar, kuma kotu tana dubanta idan rigima ta taso tsakanin mutum biyu. Amma ba ta hana gwamnati cewa wurin yana cikin shirinta na hanya ko makaranta ko sabon awo.

A nan ne mutane ke shan mamaki. Idan aka karɓi fili don amfanin jama'a, diyyar da dokar ta tanada ta abin da aka ɗora a kan ƙasar ce, kamar gini da amfanin gona da itatuwa, ba farashin da ka biya dillali ba. Wanda ya sayi fili ya bar shi fayau yana jiran ya yi daraja, kamar yadda ɗan uwanmu na Arawa ya ba da shawara, shi ne ya fi kowa zama cikin haɗari idan wurin ya faɗa cikin wani shiri. Gefen gari kuwa, musamman inda birni ke faɗaɗa, nan ne irin waɗannan shirye-shirye suka fi yawa.

Abin yi ba mai wahala ba ne. Ka sami mai awon ƙasa mai lasisi ya ɗauki lambobin kusurwoyin filin, ka kai hukumar GOGIS da ke kula da bayanan filaye a jihar, ka nemi a bincika maka ko wurin yana da mai shi a rajista ko yana cikin wani awon gwamnati. Ka kuma tambayi hukumar tsara birane ko za ta ba da izinin gini a wurin. Kuɗin wannan bincike kaɗan ne idan aka gwada da kuɗin filin, kuma kafin biya ake yin sa. Idan mai sayarwa ya ce yana sauri, akwai wani da ke jira da kuɗi a hannu, ka bar wa wancan ɗin.

Malamin Makaranta, Pantami:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Barista, akwai abin da ban faɗa ba saboda ban ɗauke shi da muhimmanci ba sai yanzu. Filin Kwadon daga gonar gado aka yanka shi, kuma babban ɗan mamacin ne ke sayarwa. Ya ce 'yan uwansa duk sun yarda, mai unguwa ma ya san da maganar. Shin wannan ya wadatar?

Ɗalibin Ilimi, Jekadafari:

Bai wadatar ba, Malam, ko ta fuskar shari'a ko ta fuskar zaman lafiya. Girman shekaru ba ya ba wa ɗa ikon sayar da rabon 'yan uwansa sai da wakilcinsu. Tambayar farko ita ce ko an raba gonar, an fitar wa kowa nasa da iyakarsa, ko kuwa har yanzu a haɗe take. Idan an raba, kuma filin yana cikin kason mai sayarwa, to ka nemi takardar rabon gadon ka gani da idonka. Idan ba a raba ba, ka sani cewa a mazhabar Malikiyya abokin tarayya a ƙasar da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, wato yana iya mayar maka da kuɗinka ya karɓi kason da aka sayar maka, ko da ba ka so. Waɗanda aka fi mantawa da su a irin wannan ciniki su ne matan mamacin, da 'ya'ya mata da ke gidajen aure a wasu garuruwa, da marayu ƙanana waɗanda za su girma su tambaya. Ba ka son ka tara iyalinka a kan ƙasar da hakkin maraya ke cikinta, ko da babu kotun da za ta kira ka. Ka nemi a tara magadan, mata su yi magana da bakinsu ko ta wakilin da suka zaɓa da kansu, kowa ya sa hannu a gaban shaidun da ba dillalai ba.

Baba Ɗan Fansho, Kumo:

'Ya'yana, na karanta duk abin da kuka rubuta, na ga babu wanda ya waiwayi Kumo, kamar ba a ambace ta ba. Ni ina cikin ma'aikatan da aka dawo da su daga Bauchi lokacin da aka ba mu jiha, na yi haya a cikin Gombe shekaru masu yawa, daga baya na koma gida. Abin da nake so Malam ya gane shi ne akwai bambanci tsakanin gari da wurin kwana. Kumo hedikwatar Akko ce, tana da fadar Lamiɗo, da kasuwa, da babban asibiti, da makarantu, da masallatan Juma'a, da maƙabarta, da mutanen da idan matarka ta haihu za su cika gidan, idan ka rasu kuma za su tsaya a kan yaranka. Sababbin unguwannin bayan gari da yawansu ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan, domin wanda ya yanka gonar bai bar wurin makaranta ko maƙabarta ba. Magidanta suna fita da asuba su dawo bayan magariba, maƙwabci bai san sunan maƙwabcinsa ba, taransifoma kuma sai an yi karo-karo shekara da shekaru.

Na san za a ce nisa, kuma gaskiya ne, kimanin kilomita 40 ba wasa ba ne. Amma kai malamin makaranta ne, ɗana, ba ma'aikacin sakatariya ba. Makarantun gwamnati suna Kumo da kewayenta, kuma malamai sun fi son a kai su cikin Gombe a kan a fitar da su. Maimakon ka nemi gida kusa da aiki, ka nemi a mayar da aikin kusa da gida. Idan ka sami canjin wurin aiki, ka shiga ginannen gida, babu haya, babu kuɗin mota, babu jiran siminti ya sauko, kuma maiɗakinka za ta sami jama'ar da za ta yi wa ɗinki.

Ma'aikacin Jami'a, Tudun Wada:

Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka tana da nauyi, kuma na yarda da ita idan takardar canjin tana hannu. Ina jaddada wannan ne domin ina cikin masu kwana a Gombe su yi aiki a jami'ar tarayya da ke Kashere, na san abin da doguwar hanya ke yi wa mutum. Ba kuɗi kaɗai take ci ba. Kana idar da sallar asuba ka fita yara suna barci, ka dawo a gajiye ba ka iya duba littafin kowa, kullum kana rabon hanya da tireloli, idan aka kira ka cewa yaro ba shi da lafiya sai ka ji nisan ya ninka. Idan Malam ya biya kashin farko na gidan Kumo bisa alkawarin wani jami'i cewa za a duba maganarsa, sannan canjin bai fito ba, zai zama yana da gida a wani gari da aiki a wani gari, ga bashin kashi na biyu a wuyansa. Ya fara neman canjin, idan ya fito sai ya yi ciniki. Kuma tsohon gida ma a duba shi da idon magini, musamman katakon rufi saboda gara, da ramin masai, da wayoyin wuta.

Matashi, Arawa:

To me ya hana Malam neman rancen Asusun Gidaje na Ƙasa, tun da ana yanke wa ma'aikata da yawa kuɗinsa daga albashi? Da shi ai zai iya sayen abin da ke kusa da gari.

Ma'aikaciyar Banki:

Asusun yana nan tun 1992, ana yanke kashi 2.5 cikin 100 na albashi, kuma Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ne ke riƙe da shi. Rancen yana zuwa da ruwan kashi 6 cikin 100 a shekara, ana iya biya har tsawon shekara 30 gwargwadon abin da ya rage wa mutum na aiki. Sai dai abu biyu ne za su tare Malam. Na farko, ana buƙatar fili ko gida mai cikakkiyar takarda wadda za a iya jinginarwa, awon igiya da takardar mai unguwa ba sa shiga. Na biyu, da yawa daga cikinmu ba sa karɓar rance mai ruwa komai ƙanƙantarsa, kuma wannan al'amari ne da mutum zai warware da malamansa. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da TAJ, suna da hanyoyin ciniki da haya da ake bi a mallaki kadara, amma su ma takarda suke fara tambaya, sannan su dubi ko albashin zai ɗauki biyan wata-wata. Duk ƙofar da aka bi, maganar Barista ake komawa.

Dillali, Hanyar Biu:

Jama'a, an ambaci dillalai sau da yawa a nan, bari ɗaya daga cikinsu ya yi magana. Akwai ɓata-gari a cikinmu, ban musa ba, akwai masu sayar da fili ɗaya ga mutum biyu. Amma mai saye ma yana da nasa laifin, domin yakan zo yana neman wanda ya fi kowanne arha a layin, bai tambayi abin da ya sa ya yi arhar ba, alhali Hausawa sun ce arha ba ta ado. Filin da ya faɗi ƙasa da na maƙwabtansa, ko dai yana bakin kwari, ko yana ƙarƙashin waya, ko akwai magajin da bai yarda ba. Malam, ka tambayi dillalin a fili nawa ne la'adarsa kuma wa zai biya, a rubuta. Ka biya ta banki da sunan mai filin, ba da sunan dillali ba. Ranar da aka auna, a kira maƙwabtan kusurwa huɗu su tsaya, a kafa turakun siminti a gabansu. Kada kuma ka saya ka ɓace shekara biyu, domin filin da ba a ganin mai shi, shi maƙwabci ke ci da kaɗan-kaɗan, shi kuma ɓata-gari ke sake sayarwa. Ko layi biyu ne na bulo ka zagaye shi da su.

Malamin Makaranta, Pantami:

Na zauna da maiɗakina na karanta mata duk abin da aka rubuta. Mun cire Tumfure, saboda ruwa da kuma ƙanƙantar wurin. Zan rubuta takardar neman canjin wurin aiki kamar yadda Baba ya ce, amma ba zan ba da ko sisi a kan gidan Kumo ba sai ta fito, kuma na gaya wa mai gidan haka, ya ce ba zai iya jira har abada ba. Na kuma nemi mai filin Kwadon ya kawo takardar rabon gado ya tara 'yan uwansa, ya ce zai yi magana da su. Tambayar da ta rage mini ita ce, idan Kwadon ɗin ta tabbata, shin zan iya tarewa da zarar ɗaki biyu sun samu rufi, in huta da haya, in ƙarasa sauran ina ciki?

Mazaunin Kwadon:

Za ka iya, Malam, da yawanmu haka muka yi, amma jerin aikin ba kamar yadda ka tsara ba ne. Da iyali ba a tarewa sai katanga ta kai tsayin da za ta suturta mace a tsakar gida, da ƙofar ƙarfe mai kulle, da banɗaki mai ramin da aka rufe da kyau, da wurin ajiye ruwa. Waɗannan huɗu suna iya cin kuɗin ɗaki guda, don haka ka shirya wa ɗaki ɗaya babba da rumfar girki a karon farko, falasta da fenti da silin su jira. Kada ka sa wayar wuta ko tagogin alminiyom sai makon da za ku shiga, domin kangon da babu kowa a ciki ana kwashe masa su cikin dare ɗaya. Ka sayi kwano da katako a lokaci guda ka rufe kafin ruwan farko, kada damina ta sami bulo a buɗe. Kuma ka daidaita ranar tarewa da ƙarshen zangon karatu, ka riga ka samo wa yaran gurbi a makarantar nan tun kafin kuɗin hayarka na Pantami ya ƙare, domin idan hayar ta ƙare a tsakiyar zango za ka biya mota ta mutum huɗu kullum har a yi hutu.